Tef Ɗin Ado da Takardun Gidanmu

 

Kwamitin mata da matasa ne suka nemi a yi magana a kan wata ƙaramar sana'ar hannu da yara za su iya yi a gida lokacin hutu, wadda ba ta cin jari. Da yake kayan makaranta nake sayarwa, sai aka ɗora mini, aka ce in yi bayanin wannan tef na takarda mai launi da 'yan mata suka fara tambaya a shaguna. Na san wasu dattawa suna cewa a ransu, yanzu duk abin da ke gabanmu, ga tsadar hatsi, ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta, sai a tara mu a kan salatif? Ku yi mini haƙuri kaɗan. Maganar za ta fara ne daga wasan yara, amma kafin in zauna za ta kai mu kan takardar gidan da kowannenmu yake kwana a ciki.

Kowa ya san salatif, farin nan mai sheƙi da ake manne kuɗin da ya yage da shi. Kowa kuma ya san wanda masu fentin mota suke liƙawa a bakin gilashi da fitila kafin su fesa fenti, mai kalar madara. To tef ɗin ado ɗan'uwan wannan na biyun ne. Takarda ce siririya, an buga mata launi ko zane a sama, an shafa mata gam mara ƙarfi a ƙasa. Faɗinsa galibi milimita 15 ne, bai kai faɗin babban yatsa ba. Abu uku ake gane na gaske da su. Yana yaguwa da hannu ba sai da almakashi ba. Biro da fensir suna kama shi. In ka liƙa shi a takarda ka ɗaga a hankali, zai taso bai ɗauko fatar takardar ba. Wanda ya ƙi yaguwa, yana miƙewa kamar cingam, wannan roba ce aka yi wa fenti, kada a biya kuɗin takarda a kansa. Sannan a duba tsawo. Na kamfanin kirki naɗi ɗaya yakan kai mita 7 ko 10. Na araha, wanda yawancinsa daga ƙasar Sin yake zuwa, wani mita 5 ne, wani 3, wani ma bai kai ba, sai a yi masa ƙaton kwali a tsakiya don ya yi ƙiba a ido. Mu 'yan kasuwa mun san wannan dabara a zare da leshi, to a nan ma haka take. Ku dubi kaurin tef ɗin kansa, ku bar faɗin zoben.

Asalinsa yana da ɗan daɗin ji. A shekarar 1925 wani ma'aikacin kamfanin 3M a Amurka, sunansa Richard Drew, ya ƙago tef ɗin masu fenti, saboda a lokacin ana yayin mota mai launi biyu, kuma gam ɗin da ake rufe gefe ɗaya da shi yana ɓamɓaro fentin. A 1930 shi ɗin dai ya fito da farin mai sheƙi. A Ingila aka fara yin wani irinsa a 1937 da sunan Sellotape, daga nan bakinmu ya mai da shi salatif. Mutanen Japan kuwa suna da takardarsu ta gargajiya da suke kira washi, wadda ake yi da ɓawon wasu itatuwa, zarenta dogo, ga ta siririya ga ƙarfi, har hukumar UNESCO ta sa sana'ar yinta cikin abubuwan gadon duniya a 2014. Da irin wannan takarda suka riƙa yin nasu tef ɗin masu fenti. Akwai wani kamfani a garin Kurashiki mai suna Kamoi, wanda ya fara a 1923 da yin takardar kama ƙuda. A 2006 wasu mata uku suka tuntuɓi kamfanin, suka nuna masa ɗan littafin da suka ƙawata da tef ɗinsa na leburori, suka roƙi a ƙara masa launuka. Kamfanin ya saurare su. A 2008 ya fito da shi kasuwa da sunan mt, yau ga shi har ya iso Gomari.

Abin da ya tsaya mini a wannan labari, a matsayina na mai shago, shi ne mata masu saye ne suka koya wa kamfani abin da zai sayar. Da an kore su daga bakin ƙofa an ce mu da magina muke ciniki, da shi ke nan.

To me yaro zai yi da shi? Mu fara da littafin makaranta, don nan ne kuɗinmu yake zuba kowane zango. Littafin rubutu ta wuri biyu yake mutuwa, ta ƙashin bayansa da ta kusurwa. A samo tsohuwar kalanda a juya farin bayanta, ko takardar buhun siminti ta ciki wadda ba ta taɓa simintin ba, a yi wa littafin bango kamar yadda aka yi mana muna yara. Sai a ja tef ɗaya a tsaye a kan ƙashin bayan, rabi gaba rabi baya, a kuma ɗan naɗe kusurwoyin. Ga lissafin. Littafin rubutu tsayinsa kamar santimita 20 ne, faɗinsa kamar 16. In za a zagaye fuskar bangon gaba ɗaya, santimita 72 ke nan, naɗin mita 5 zai yi littafi 6 da ɗan saura. In ƙashin baya kawai za a ja, wannan naɗin zai yi littafi 25. Kun ga bambancin ado da bukata. Mai 'ya'ya da yawa ya fara da bukata.

Akwai wata dabarar da ta fi adon amfani. Gidan da ke da yara bakwai ko takwas, kullum da safe rigima, wane ya ɗauki fensirina, wance ta tafi da littafina. A ba kowane yaro launinsa. Mai ja, duk kayansa a ɗaura musu ja, fensir, rula, kofin shan ruwa, har murfin kwanon abinci. Mai kore haka. Yaron da bai iya karanta sunansa ba ma ya san launinsa, uwa kuma ta huta da shari'a. Manyan da suka shiga sakandare sai su juya abin, kowane darasi da launinsa, lissafi daban, Turanci daban, na Islamiyya daban, ko cikin duhun asuba aka zura hannu a jaka da tocila an san wanda aka ɗauko.

Sauran ƙananan ayyukan ba sai na daɗe a kansu ba. Kwalin shayi ko na sukari, a yanka shi tsawon ɗan yatsa biyu, a lulluɓe da tef, a huda kai a zura zare, ya zama alamar inda aka tsaya a karatu, a daina naɗe kunnen shafi. Gwangwanin madara ko na tumatir, babba ya fara dakan bakinsa da guduma don kada ya yanki yaro, a wanke a shanya, a zagaye shi layi layi, ya zama mazubin biro. Farar ambulan a ja mata layi biyu a gefe, ta zama ta kai gudummawar biki ko suna. A ninka guntaye a kan dogon zare, a yanke bakinsu kamar wutsiyar kifi, ga 'yan tutocin da za a rataya ranar walimar sauka. Mu da yawancinmu haya muke, har jadawalin karatu ana iya liƙawa da shi a bango a cire ba a yi faɗa da mai gida ba, amma a fara gwadawa a bayan ƙofa, don bangon da aka shafa wa farar ƙasa ko fenti mai ruwa ruwa komai ya taɓa shi sai ya biyo.

Yadda ake liƙawa shi ne wurin da nake so iyaye mata su sa ido, don a nan tarbiyyar take. Kada a bar yaro ya ja da ka. Ya ɗauki rula ya ɗiga alama biyu da fensir, sama da ƙasa, sannan ya ɗora. Kada ya ja tef ɗin da ƙarfi, in ya ja zai tattare takardar bayan ya saki. Ya danna daga tsakiya zuwa baki da bayan farce. A kusurwa, inda layi biyu suka haɗu, a ɗora ɗaya kan ɗaya, a yanka su tare a karkace, a zare rarar, sai su haɗu kamar kusurwar firam ɗin kafinta. Wannan yankan da reza ake yi, saboda haka aikin babba ne, yara su tsaya a almakashi. Yaron da ya koyi auna kafin ya yanka, ya koyi haƙurin sake layin da ya karkace, gobe in an kai shi wurin tela ko kafinta ko mai zanen hula, ba daga farko zai fara ba.

Yanzu ga maganar kuɗi, kuma zan faɗe ta yadda take. Babu wanda zai ci da gida da sayar da kati mai tef a Gomari. Mun ga yadda aka yi ta tara mata a garin nan ana koya musu sana'a iri ɗaya, layi guda kowa ya iya, mai saye kuma babu, domin maƙwabciyar da za ta saya ita ma ta iya. Kada mu ƙara wani a kai. Inda na ga riba shi ne a kayan da mace ta riga tana sayarwa. Garin nan an san shi da turaren wuta da humra, daga Kano da Kaduna da Abuja sautu ake bayarwa. Matanmu da yawa sun koya a wurin maƙwabtanmu Barebari da Shuwa, kuma hannunsu ya faɗa. Amma je ka ga mazubin. Kwalbar Bama ce, ba Bama ta hanyar Banki nake nufi ba, ta mai ɗin shafa wa burodi, da tsohuwar takardarta a jiki rabi a ɓare. Turaren dubbai a cikin kwalbar da ta yi kama da ta bola. Wadda ta saya don ta kai wa amarya kunya take ji, sai ta nemi ragi.

A jiƙa kwalbar a cire tsohuwar takardar, a wanke da ruwan zafi da omo har maiƙon ya fita, a shanya ta bushe ƙaƙas. A zagaye ta da layi ɗaya ko biyu, a liƙa farar takarda a tsakani a rubuta sunan turaren da lambar waya. Sannan a ɗauko guntu ɗaya a haye murfin da shi daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan guntun shi ne shaida. Kaya ya bi direba kwana ɗaya a hanya, in ya isa tef bai yage ba, mai karɓa ta san ba a buɗe an ɗiba ba. Haka za a yi wa robar yaji, da ta dambun nama, da ledar cincin da alkaki. Sai dai a sani, takarda ce. Mai da ruwa abokan gabanta ne. A kwalbar humra a sa shi nesa da baki, a rufe shi da farin salatif a sama. A robar zoɓo ko kunun aya da za a jefa cikin ƙanƙara kuwa, asarar kuɗi ce, kada a fara. Kuma a lissafa kuɗin tef a cikin kuɗin kaya tun kafin a yanka farashi, a san naɗi ɗaya kwalba nawa yake yi. Na ga mata da yawa suna lissafa itacen turare da sukari da mai, su manta da kwalba da leda da kuɗin Keke Napep zuwa kasuwa, ƙarshen wata su ce kasuwa ba albarka.

Yanayin garinmu ma sai an yi la'akari da shi. Wanda ya yi wannan tef bai san zafin Maiduguri na watan Afrilu da Mayu ba, lokacin da ma'auni yake haura 40. In aka bar naɗi a taga ko a cikin mota, gam ɗin zai narke ya tsattsafo ta gefe, launin kuma ya koɗe. Da hunturu ƙura ce take kama gefen, ya yi baƙi. A ajiye shi cikin gwangwani mai murfi a ƙarƙashin gado. Masu shago 'yan'uwana, kada mu saro da yawa mu jibge, ba ya son kwantai.

To wanda ba shi da kuɗin na kanti fa? Hanya biyu ce, kuma ta biyun ta fi kwanta mini. Ta farko, a sayi na masu fentin mota, yana ko'ina kuma ya fi tsawo nesa. A ja shi layi layi a bayan tiren silba ko a kan gilashi, yara su zana shi da biro ja da shuɗi ko da maka, a bari ya sha iska, a ɗaga a naɗe a jikin kara. Kun ga an koma inda matan Japan ɗin nan suka fara.

Ta biyu da ƙaro ake yi. Allah ya ajiye mu a ƙasar ƙaro. Borno da Yobe da Jigawa nan ne gidan dakwara a Nijeriya, daga dazukan nan ake tara shi a kai Turai a sa a lemo da alewa da magani. Mu kuma mun san shi a tawada da wurin masu wankin hula. Dattawa za su tuna kan sarki da ake lasa a manna a wasiƙa, da bakin ambulan. A da, gam ɗin bayan kan sarki da yawa ƙaro ne. A samo mai haske marar ƙasa, a daka, a jiƙa awo ɗaya cikin awo biyu na ruwan ɗumi ya kwana, a tace da tsumma mai tsabta. A ɗan jefa sukari kaɗan don kada ya tsage in ya bushe. A ɗauko takardar da aka riga aka zana, a shafa a bayanta siriri, a shanya a inuwa. Za ta lanƙwashe, sai a danne ta ƙarƙashin katifa ta kwana. Gobe a yanka ta da rula da reza tsiri tsiri. Ranar amfani a shafa ruwa kaɗan da yatsa a manna. Bambancinsa da na kanti, shi in ya kama ya kama, ba a ɗagawa a gyara. Kuma kyankyaso da tururuwa suna sonsa, sai a rufe shi da kyau. A kula da takardar da za a yanka, kada a ɗauko mai rubutun Arabiyya ko kalandar da ke da aya a jiki. Haka nan kada a rubuta sunan Allah a kan tef ko ambulan da aka san ƙarshenta shara.

Wane zane za a yi? Nan nake jin ɗan takaici in na ga 'ya'yanmu suna kwaikwayon 'yar tsana da beyar ƙasar da ba su taɓa gani ba. Ku cire hular da ke kanku ku duba bakinta. Ku dubi faifai da tabarma da lallen hannun amarya da dagin da ke jikin babbar riga. Duk layi ne da kusurwa da maimaici, irin abin da ya dace da tsiri mai tsawo. Sannan ga zayyana. Da yawa daga cikinmu abin da ya kawo kakanninmu ƙasar nan ke nan. A Kano da Katsina da Zazzau in an ce wane ya tafi gabas, an san Borno ya nufa neman Alƙur'ani, wasu suka koma, wasu suka zauna suka kama kasuwa, Hausari ta cika har aka bazu zuwa irin su Gomari. Rubutun Alƙur'ani da hannu a Borno tsohon abu ne ƙwarai. Wani Bature mai bincike, A. D. H. Bivar, ya ga wani a ƙarshen shekarun 1950 wanda aka rubuta tarihin gama shi a jiki, shekara ta 1080 bayan Hijira, wato 1669, tun Birnin Gazargamu yana babban birni, da fassarar tsohon yaren Kanembu a tsakanin layuka. Ayarin Sahara suna ɗaukar rubutun Borno su kai Arewacin Afirka su sayar, su kuma kawo takarda. Wanda ke da tsohon Alƙur'ani na gado ya ɗaga warƙa ɗaya ya duba ta a hasken rana, wataƙila ya ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. Wannan daga arewacin Italiya aka yo ta, ta bi ta Tarabulus da Fezzan da Bilma a bayan raƙumi kafin ta iso Kukawa.

Dubi yadda alaramma yake ƙawata ta. Baƙi na jikin rubutu, ja na wasali, ruwan ɗorawa na hamza. A gefe ga da'irar hizbi, ga ta nusufi da rubu'i da sumuni, ga alamar sujada, kowace da siffarta, ga babbar zayyana a farkon Baƙara da kan kowane rubu'in littafin. Wannan ado ne mai aiki, yana gaya wa mai karatu inda yake. Launi uku ko huɗu kacal, da alƙalamin gamba, da haƙuri. Ban ce yara su kwashi alamomin Alƙur'ani su liƙa a gwangwani ba, wannan bai kamata ba. Na ce su je wurin masu zayyanar allo su ga yadda ake raba fili, yadda ake saƙa layi ya shiga ya fita, yadda ja da ɗorawa suke zama kusa da baƙi ba su yi faɗa ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da na ce zan kai ku. Jama'a, duk abin da na lissafa, a yi shi a kan littafin rubutu da kwali da kwalba, abin da in ya lalace gobe za a sayi wani. Amma tef kowane iri, na ado ne, na masu fenti ne, salatif ne, kada ya kusanci Alƙur'anin hannu, ko littafin gado, ko takardar fili, ko takardar sayen gida, ko ta shaidar gama makaranta.

Dalili kuwa kowa ya taɓa gani da idonsa. Ku tuna tsohuwar takardar da aka manne da salatif shekara goma da suka wuce. Gam ɗin ya rikiɗe ya zama ruwan ƙasa, ya nutse cikin takardar ya mai da ita kamar an ɗiga mata man gyaɗa. Ledar saman ta bushe ta faɗi, yagewar tana nan, ga tabo ya ƙaru, kuma tabon ba ya fita. In aka yi ƙoƙarin ɓamɓarewa tun yana da ƙarfi, sai ya taso da tawadar. A kan layin da aka ninka takarda take yagewa, kuma sau nawa sa hannun mai unguwa ko adadin kuɗi ko iyakar fili yake faɗawa daidai kan wannan layin? Na ado gam ɗinsa ya fi sauƙi, gaskiya ne, amma an yi shi ne don wata ɗaya ko shekara ɗaya, ba wanda ya yi maka alkawarin shekara talatin a zafin nan. Na ƙaro ma da na koya muku bai halatta a nan ba, domin da ruwa ake manna shi, tawadarmu ta gawayi da ƙaro kuwa da ta ji ruwa sai ta tashi.

Abin mamaki, masu gyaran tsofaffin littattafai a manyan ɗakunan ajiya na duniya da takardar Japan ɗin nan suke ɗinke yagewa. Amma tsurarta, marar gam, siririya kamar yanar gizo, su manna ta da kokon sitacin alkama da suka dama da kansu, wanda in an so bayan shekara hamsin a ɗan jiƙa a cire ba a bar komai ba. Sunan ɗaya ne, aikin ba ɗaya ba. Kada mai shago ya ce maka ai washi ne, da shi ake gyaran littafi.

Mu da muka zo daga wani wuri, ya kamata mu fi kowa riƙe wannan. Ɗan ƙasa in takardarsa ta ɓace yana da dattawa goma da za su ce gonar kakansa ce. Kai da mahaifinka ya zo daga Bichi ko Daura ko Maraɗi ya sayi fili da guminsa, shaidun cinikin sun rasu, me ya rage maka? Wannan 'yar takardar. Kuma garin nan ya nuna mana sau biyu a kusa kusa yadda takarda take tafiya. Ranar 26 ga Fabrairu 2023 Kasuwar Monday ta ƙone, 'yan'uwanmu da yawa har da rasit da littafin bashi suka rasa. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Fori da Gamboru har fadar Shehu, kamar yadda dattawa suka ga irinsa a 1994. Bayan ruwan ya janye, mutane sun shanya takardu a tsakar rana suka yi ƙwanƙwaram suka kakkarye, sannan aka bi su da salatif. Wannan gyaran ya ƙarasa abin da ruwan ya bari.

Abin da ya kamata a yi mai sauƙi ne. Takardar da ta jiƙe a inuwa ake shanya ta, inda iska take wucewa, a shimfiɗe, a sa farar takarda mai tsabta a tsakanin warƙoƙi ana canzawa. Waɗanda suka manne da juna kada a tilasta su. Takardar da ta yage a bar ta a yage. A samo farar takarda babba a ninka biyu, a kwantar da guntayen a ciki kamar jariri a zani. Alƙur'anin hannu ma ya sauƙaƙa mana, tunda ba ɗinke yake ba, warƙa warƙa ne a tsakanin tadarishi, a ɗaure a sa a gafaka. Warƙar da ta yage a sa ta cikin ninkin farar takarda a mai da ita gurbinta, kalmar da marubuci ya ajiye a ƙasan shafi za ta nuna wadda ke biye. In littafin mai daraja ne ƙwarai, a nemi shawarar masu ajiyar tsofaffin rubuce-rubuce a Jami'ar Maiduguri ko Gidan Arewa a Kaduna kafin a taɓa shi da komai.

Takardar fili da ta makaranta kuma, a yi musu hoto a injin kwafi, a kuma ɗauka a waya a tura wa ɗa ko ƙane da ke wani gari. Kwafin shi za a riƙa yawo da shi, shi za a ninka, shi za a manne in ya yage, a yi masa ado da tef ma in an ga dama. Ta asalin a daina ninka ta huɗu ana cusawa a aljihun babbar riga. Kuma a yi hattara da kai ta a gasa mata leda, domin abin da aka gasa ba ya ɓaruwa, kuma akwai ofisoshin da ba sa karɓar takardar da ba za su iya taɓa hatiminta ba. A shimfiɗe ta a fayil, fayil a cikin roba mai murfi, roba a saman kabad, ba a ƙasan akwati ba.

Wanda ya riga ya manne tasa, kada ya koma gida yau ya ce zai ɓare. Ya bar ta yadda take, ya yi mata kwafi tun rubutun yana karantuwa, ya sa farar takarda gaba da baya don kada gam ɗin ya kama ta kusa da ita.

Shugaba, roƙona ga kwamiti shi ne, duk mai tsohuwar kalanda marar aya, da kwalin shayi, da gwangwani, ya tara ya kai wa sakatare kafin a ba da hutu. Ni zan kawo ƙaro da rula da almakashi. Muna bukatar uwa biyu ko uku da za su zauna da yaran, da mai zayyana ɗaya da zai yarda ya ba mu yammacin Alhamis.